Ramar da Gwaggo ta nuna mini a Jidda

Daga Kano

Tun kafin kiran assalatu maigidana ya sauke ni a filin jirgi. Mun isa Jidda da azahar, motar ayarinmu ta wuce da mu Makka. Bayan na kammala Umara na nemi izinin jagoranmu, na ce zan gaida Gwaggo Zainabu, ƙanwar mahaifina, wadda aka haifa a Jidda, ba ta taɓa taka Najeriya ba.

Sharafiyya

Wani Bahaushen Sudan ne ya ɗauko ni a tasi daga Makka zuwa unguwar Sharafiyya da ke Jidda. Sau ɗaya aka tsayar da mu a hanya, aka duba fasfona. Gidan Gwaggo na hawa na uku, a saman wani shagon yadi, ita da ɗanta Faisal, saurayi marar aure da ke aikin gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Ta rungume ni tana kuka, ta cika ni da shinkafa da gasasshiyar kaza.

Washegari, bayan mun karya da wake da gurasa, ta ce akwai abin da zai sa in ji kamar ina gida. Faisal, a cewarta, ya shuka mata rama a ɗakin ajiya. Ita busasshiyar rama kawai ta sani, wadda alhazai ke kawo mata, don haka kullum da hannunta take ba shukar ruwa. Har ta yi wa maƙwabta alkawarin kwaɗo.

Tana buɗe ƙofar, warin ya buge ni. An toshe taga da baƙar leda, wata fitila na haska tukwane a jere. Ganyen ya yi kama da rama, amma ni a gona na tashi, kuma na san warin da ke fitowa daga kangon bayan layinmu, inda samari ke shaye-shaye.

"Gwaggo, wannan ba rama ba ce. Tabar wiwi ce."

Ba ta gane ba sai da na faɗi sunanta da Larabci, hashish. Kofin ruwan da ke hannunta ya faɗi. Ta tambaye ni sau biyu ko na tabbata, sannan ta zauna a ƙasa daɓas.

Da la'asar Faisal ya dawo. Yana jin Hausa, amma da Larabci ya fi amsawa. Bai musa ba. Ya ce wani abokinsa ya ba shi iri, sauran kuma a waya ya koya, wurin wasu Turawa da ke koya wa 'yan koyo, suna cewa abu ne mai sauƙi. Na tambaye shi ko Turawan sun faɗa masa hukuncin ƙasar da yake zaune. Ya sunkuyar da kai.

"Da iƙama, takardar izinin zaman baƙi, muke zaune a nan, ya waladi," in ji Gwaggo ga ɗanta. "In suka kore ni, ina za ni? Ka sa na shayar da wannan da hannun da nake alwala."

Ita ta tumɓuke shuke-shuken ɗaya bayan ɗaya, ta hana mu taya ta. Muna cikin haka aka ƙwanƙwasa ƙofa. Maƙwabciya ce ta zo tambayar ko ramar ta isa tsinka. Gwaggo ta leƙa ta ce, "Halas, ta mutu."

Komawa

Faisal ne ya kai ni filin jirgi. Na sauka Kano lafiya, na gode wa Allah da jagoranmu da ya yi haƙuri da ni. Bayan sati Gwaggo ta kira, ta ce an kama abokin Faisal da ya ba shi iri, kuma ba su san abin da zai faɗa ba. Ta roƙe ni in tambayi dangi ko akwai ɗaki a gidan kakanmu a nan Najeriya.