Jaridar da Na Shimfiɗa wa Damo

Shekarar da na haifi ƙaramin ɗana muna zaune a Sri Petaling, wata unguwa a ƙasar Malay, maigidana yana karatun digiri na uku. 'Yarmu ta fari ta nace sai da babanta ya saya mata iguwana. Wani koren damo ne mai doguwar jela, ba ya cin komai sai ganye. Ni aka bar wa sharar kejinsa.

Da farko yashi na zuba masa, yadda muke yi wa kaji a gida. Ashe yana lasa yana haɗiyewa. Cikinsa ya ɗaure, ya daina cin abinci, yarinya ta yi ta kuka har muka kai shi asibitin dabbobi. Likita ta ce ban da yashi, ban da garin katako, a shimfiɗa abin da ba zai iya haɗiya ba, kamar jarida. Sai na riƙa karɓo tsofaffin jaridun Malay a kedai, wato kantin da ke ƙasan beninmu. Damo ya warware, ni kuma ina jin kaina gwana.

Sannan Inna, mahaifiyata, ta zo daga Najeriya don ta kula da ni a jego. Tana ganin kejin a baranda ta ja da baya.

"Wannan a garinmu ai miya ake yi da shi," in ji ta. "Ku kuma har da ba shi ɗaki."

Tun daga ranar yarinya ta shiga fargaba. Ta san in kakarta ta ce a fitar da shi, babu mai musa mata, har babanta.

Wata safiya ina shayar da jariri na ji Inna ta yi salati. Na fito na tarar ta durƙusa, ta buɗe kejin da ko kusa da shi ba ta zuwa, tana zaro jaridar a hankali daga ƙarƙashin damon. Shafin ta'aziyya ne. A samansa an rubuta Innalillahi da Larabci, manyan baƙaƙe, ga kashin damo a gefen rubutun.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wannan matar ce ta koya mini in na ga takarda mai Larabci a hanya in ɗauke, in soke ta a jikin katanga. Ni kuma wata da watanni ina shimfiɗa jarida, ko kallon abin da ke ciki ban taɓa yi ba.

Inna ta nuna wa jikarta rubutun. "Me aka ce a nan?"

Yarinya ta ɗaga kafaɗa, ta amsa da salon maganar yaran Malay. "Ban sani ba lah, Inna. Don Allah kar ki kore shi."

Wannan ta fi ta farko yi mini ciwo.

Inna ta ɗauko almakashi. Ta yanke wurin rubutun, ta goge shi tsaf, ta ƙona a tsohuwar tukunya. Sannan ta sa na sauka na sayo ledar tsakar ɗaki mai kauri. Da kanta ta auna ta yanka daidai kejin, ta ce wannan a wanke kawai a mayar.

"Zai zauna?" yarinya ta tambaya.

"Zai zauna. Shi me ya yi? Ba wanda ya sa shi a makaranta." Ta juyo ta dube ni. "Ke kuwa na sa ki."