Gurbin Fitila a Babur ɗin Yaya

Ranar Laraba, sha bakwai ga watan Yuli, jim kaɗan bayan sallar magariba, Allah Ya karɓi ran yayana, wanda masu babura suka sani da Mai Waya saboda sana'arsa ta wayarin. Ya faɗa ramin da masu shimfiɗa bututun ruwa suka haƙa a kan hanyar gidansa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Daga Allah muka fito, gare Shi muka nufa. Ka riga mu, Yaya, muna nan tafe.

An ce ni zan rubuta wani abu, tunda ni na yi jami'a. A gidanmu duk abin da ya shafi biro nawa ne, ko da a ranar da hannu ba ya son riƙe shi. To ga shi.

Shagonka ɗaki ɗaya ne da rumfa: benci mai ƙafar aro, wayoyi ja da baƙi rataye a ƙusoshi, matattun batura jere a gindin bango, da ƙaurin dalma da ba ya barin rigarka ko an wanke. Aikin da ya fito da sunanka shi ne ƙara wa babur fitilu. Kakan ce fitilar da kamfani ya sa an yi ta ne don titin da ke da hasken kansa, mu kuwa namu titin sanduna kawai aka kafa masa. Sai ka haɗa ƙarfe biyu a gaban babur, ka ɗaura ƙananan fitilu hagu da dama, ka ja musu waya ta daban da fis ɗinta da makunninta, don kada su cinye batir ko su ƙone babur. A wurinka 'yan acaba da masu kai kaya da ma'aikatan da ke tashi aiki bayan faɗuwar rana suka samu idon komawa gida. A duk unguwar, babur ɗaya na sani da ya rage da fitilarsa ta asali, mai haske kamar aci-bal-bal. Naka ne.

Akwai layin alli a bangon shagonka, daidai gwiwar mutum. Ba ka sallamar kowa sai ka ja babur ɗin baya, ka sa mai shi ya hau ya zauna, domin ka ce nauyin mutum yana sauya inda haske ke sauka. Sannan ka yi ta juya fitilun da sifana har hasken ya kwanta a ƙarƙashin layin. Na taɓa jin wani yana roƙonka:

"Haba Mai Waya, ɗan ɗaga mini su sama, in riƙa hango nesa."

Ka ce, "Jirgin sama ka ɓatar? Rami a ƙasa yake. Wanda kuma ka kashe wa ido, kanka zai yo."

Ya ce ai babur ɗinsa ne. Ka ce ƙwarai, amma idanun na mutane ne. Ka fara kwance fitilun, sai da ya ba ka haƙuri.

Kai ka riƙa kai ni makaranta. Ban taɓa samun ka ajiye ni a bakin ƙofa kamar 'yar kowa ba, sai ka kai ni har gaban ɗakin karatu, ka danna oda, ka ce da ƙarfi, "Farfesa, a yi karatu, kar a ba mu kunya!" Sunan ya bi ni har na gama, har yau kuma ban zama farfesar ba. Ranar da na fara aiki ka zo ofishinmu, ka dubi wayoyin bayan teburina, ka ce wanda ya yi wannan aikin ba ya tsoron Allah. Ba ka tafi ba sai da ka gyara.

Matarka, Anti, ba ta taɓa neman wani abin duniya a wurinka da naci ba, sai abu ɗaya: ka sa wa naka babur ɗin fitilu. Hanyar gidanku ba ta da haske, ga ramuka, ga kwata a gefe. Kullum idan rana ta faɗi takan fito bakin ƙofa, ta ce wai iska take sha. Duk mun san iskar da take jira.

Ba ka ƙi ba, kai ba ka iya ƙi ba. Har ƙarafan ka haɗa, ka ja wayar, ka naɗe bakinta da salatif. Fitilun kawai suka rage. Anti ta gaji da jira ta sa aka sayo, ta damƙa maka hannu da hannu. Da yamma ka dawo babu su. Ashe wani ma'aikacin jinya ne ya zo, wanda ake kira duba marasa lafiya a gidajensu, ya faɗi sau biyu a mako guda, a shagon kuma kaya sun ƙare. Ka ce, "Shi rayuka yake bi, ni gida kawai zan zo."

Bara ni ma na gwada sa'ata. Na sayo masu kyau, na kawo har shago, na tsaya na yi maka lacca da lissafin haɗurran hanya, irin wadda muke yi a ofis mu tafa wa kanmu. Ka saurara da ladabi kana fere waya. Ka ce, "Farfesa, wallahi gobe." Bayan kwana kaɗan na ga fitiluna a gaban babur ɗin dattijon da ke kai burodi shaguna da asuba. Na gane su, shi ma ya gane ni, ya gaishe ni har da cire hula. Da na zo da faɗana ka yi dariya, ka ce idonsa ya fara rauni, ga 'ya'ya mata biyar.

"Ni kuwa hanyar nan, ko an ɗaure mini ido zan kai gida."

Gaskiya ka faɗa. Ka san kowane rami da kowane tudu, ka san inda ake kaucewa hagu da inda ake ɗaga ƙafa. Amma hanyar da ka sani ita ce wadda ka bi da safe. Wannan ramin da rana aka haƙa shi, aka tashi aiki ba a sa masa ko reshen itace ba. An yi yayyafi, ƙasa ta yi baƙi, fitilarka kuma ba ta wuce tayar gaba. Wanda ya fara isowa wurin ya ce tun daga nesa ya hango ramin. Kai ka sa wa babur ɗinsa fitilu.

Wannan ne yake ci mini rai, Yaya. Kwana ba ya wuce ranarsa, na sani, na kuma yarda. Amma da ka ɗauki kanka ɗaya daga cikin mutanen da kake tausayi, ko sau ɗaya. Da mun san mai kyauta ba a ba shi abu a hannu, da mun tsare ka a shagon, ni da Anti, har sai ka ɗaura.

An dawo da babur ɗin gida, an jingine shi a zaure. Ƙarafan nan biyu suna nan a gabansa, wayar tana reto da salatif ɗinta. Washegari da magariba masu babura suka zo gaisuwa, suka cika layin. Na tsaya ina kallo: fitilu kamar an yi gari, amma duk hasken a ƙasa ya kwanta, a gindin katanga. Anti na zaune a bakin ƙofa, ko ɗaya bai dalle mata ido ba.

Dattijon mai burodi ya shigo zaure da sifana a hannu, ya durƙusa. Ya ce, "Hajiya, fitilun nan nasa ne. Bari in mayar masa da su inda ya tanada."

Anti ta dubi ƙarafan. Sannan ta ce, "Bar su a naka, Baba. Shi ya riga ya isa. Kai ke da sauran hanya."

Ya Allah, ga bawanKa ya zo. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka haskaka kabarinsa fiye da yadda ya haska wa bayinKa hanya. Ka sa kyautarsa ta tarye shi, Ka yafe masa sakacin da ya yi da kansa. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarmu, ga Anti da yaranta, da duk wanda ya taɓa zama a kan babur yana jiran haske ya sauka ƙarƙashin layin alli. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kai kowa gida lafiya, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.