Gaisuwar Kawu da Ƙoran Argungu

Shekarar da na fara koyar da zane a wata sakandare a Birnin Kebbi, lokacin muna jihar Sakkwato, shugaban makaranta ya sa ni in ƙawata ƙorai da za mu kai baje kolin sana'o'i a bikin kamun kifi na Argungu. Ya ce da su za a gane ko ajin zane ya cancanci a ci gaba da shi. Wataƙila wasa yake yi, amma ban ɗauke shi wasa ba.

Aikin ba wuya, sai dai ba ya jira. Ana shafa wa ƙwarya banish, man nan da kafintoci ke sa wa katako ya yi ƙyalli, a bari ya fara danƙo, sannan a barbaɗa garin tagulla da auduga. In an yi gaggawa garin ya nutse, in an makara ya ƙi kamawa. Gwangwanin banish ɗin da na samu wurin wani ɗan kudu a kasuwa shi ne na ƙarshe a shagonsa.

Na shafa wa ƙoran duka a zauren gidanmu na Gwadangaji, ina taɓawa da bayan yatsa, sai ga kawuna daga Zauro ya yi sallama. Na durƙusa. Ya tambayi gida, ya tambayi aiki, gajiya, zafi, sauro, ya koma kan gida. Ni ma dole in bi mutanen Zauro ɗaya bayan ɗaya, har shinkafar fadama. Ina amsawa ina satar kallon ƙoran.

"Ɗana, mi kaka kallo? Ko ƙoran ga sun hi ni?"

"A'a, Kawu, wane ni."

"To zamna, ban ƙare ba."

Na zauna. Ban ce laifinsa ne ba, ban kuma san yadda ɗa zai ce wa kawunsa ya dakata banish na bushewa ba.

Da ya shiga cikin gida na barbaɗa garin, amma ƙwarya ɗaya ce kawai ta karɓe shi sosai. Sauran suka fito dabbare-dabbare kamar masu makero.

Ita kaɗai na kai Argungu, na aza ta tsakiyar babban tebur. Shugaban makaranta ya daɗe yana duban filin da ya rage a teburin. Da aka dawo hutu, lissafi aka ba ni in koyar.