Ranar da Farfesa Ya Bar Layi

"Wai ka ji Farfesa zai shiga yau?"

"Shiga ina?"

"Ciki mana! Da ƙafarsa."

"Kai, haba! To wa zai riƙe masa layi?"

"Dogo. Ga shi can yana tura motar da kafaɗa."

A rumfar direbobin tasi ake wannan magana, tsakiyar babban dandalin birni. Gidajen tarihi uku ne suka kewaye dandalin: na kayan mutanen da, na tsofaffin jirage da motoci, sai na halittu. Duk baƙon da ya gama yawonsa, ƙafa ta yi tsami, a rumfar yake neman mota. Dokar rumfar kuwa guda ce: wanda ya bar motarsa ba mai riƙe masa wuri ya koma ƙarshen layi, ko da ruwa ya je sha.

Farfesa bai taɓa komawa ƙarshen layi ba. Tun gashinsa na baƙi yake wurin, yanzu har gemu ya yi fari. A mota yake cin abinci, a mota yake gyangyaɗi. Ya san inda inuwa take faɗuwa da hantsi, ya san ƙofar da ake fara buɗewa, ya san mai gadin da ke da fara'a da wanda ba a yi masa magana kafin ya sha shayi. Abin da ke bayan ƙofofin ne kawai bai taɓa sa wa ido ba.

Amma yana da kunne. Fasinjoji kan zube a kujerar baya suna ta labarin abin da suka gano, shi kuwa yana tuƙi yana tsinta. Gobe idan ya ɗauko sababbin baƙi daga masauki, sai ya juye musu, har da ɗan ƙari. Ta haka ya samu sunan. Labarin da ya fi so shi ne na ƙwarangwal ɗin wani ƙaton kifin teku. "Kuna shiga, hannun dama," haka yake cewa. "Ya kai motar nan tawa biyu." A gida ma, in ya fara labarin kifin, yara har cokali suke ajiyewa.

Ana nan sai Auta, ƙanwar matarsa, ta zo hutu. Auta ba ta raga masa tun tana 'yar makaranta.

"Yaya Farfesa," ta ce, "gobe ka kai mu mu gaisa da kifin nan naka."

"Zan sauke ku a bakin ƙofa."

"A'a. Muna da gwani a gida, mu bi bayan wani? Kai za ka shige gaba."

Ya dubi matarsa ko za ta cece shi. Ita kuwa ta ci gaba da ninke kayan wanki, ta ce, "Ai ni ma na daɗe ina son gani."

Abin da yake tsoro ke nan. In Auta ta gano bai taɓa shiga ba, kafin magariba dangi kaf sun ji, kuma sunan Farfesa ya zama abin tsokana har jikoki.

Washegari ya sa sabuwar hula, ya roƙi abokin aikinsa Dogo ya riƙa matsa masa da mota, ya ce yanzun nan zai fito. Wata matsalar ita ce fasinjoji kan haɗa labarin gidajen uku a baki ɗaya, ba wanda ya taɓa cewa ga gidan da kifin yake. Sai ya zaɓi mafi kusa.

"Hannun dama," ya ce da muryar wanda ya saba.

Suka juya dama. Tukwane ne jere cikin gilashi, da takubba, da wani ƙaton kwaɗo na ƙofa.

"Yaya, a wace tukunyar aka dafa shi?" in ji Auta.

"Ke ba ki san tsarin yawo ba. Ba a farawa da babba."

Ya wuce da sauri, amma a gaban wata tsohuwar fitila ya ɗan tsaya. Irinta ce mahaifiyarsa take kunnawa. Ya buɗe baki zai faɗa, ya tuna a matsayin wanda ya saba gani ya shigo, ya haɗiye maganar.

A gida na biyu suka tarar da kan jirgin ƙasa baƙi wuluk, da motoci masu ƙahon roba. Nan fa Farfesa ya manta kansa. Ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashin wata mota, ya miƙa hannu zai shafa tayarta.

"Baba, ba a taɓawa," in ji wata ma'aikaciya.

"Na sani, 'yata. Gwada igiyar nake, ko ta yi sako-sako."

"Kifin fa?" Auta ta tambaya. "Ko ya hau jirgi ya tafi?"

Matarsa ta rufe baki da gefen mayafi.

Saura gida ɗaya. Farfesa ya shiga yana addu'a a zuci. Ya dubi dama: tsuntsaye. Ya dubi hagu: duwatsu da ƙwari. Ya leƙa bayan wani allo, ya dawo. Zauren fili ne fetal, babu inda za a ɓoye abin da ya kai mota biyu. Auta ta riƙe ƙugu, ta fara gyaran murya.

Sai matarsa ta matso, kamar za ta gyara masa wuyan riga, ta ce a hankali, "Baban yara, ɗaga kanka."

Ya ɗaga. Hular ta faɗi.

Kifin yana can sama, rataye da wayoyin ƙarfe, daga wannan bango zuwa wancan. Haƙarƙarinsa kaɗai sai a ajiye mota a ciki a buɗe ƙofofi. Duk shekarun nan babu fasinjan da ya ce a sama yake; kowa ya ɗauka direban ya sani. Farfesa ya bi shi da kallo daga kai har wutsiya, baki buɗe.

"Ikon Allah," ya ce can. "Ashe rage shi nake yi."

"Yaya," in ji Auta, "kai da ka saba gani, me ya kama ka?"

"Da can a hannun dama yake. Ɗaga shi suka yi."

Auta ta yi dariya har ta dafa bango, mai gadi ya ɗaga mata yatsa. Ta tsinci hular, ta kaɗe, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Kwantar da hankalinka, Farfesa. Ni ban ga komai ba. Amma kai za ka sayi abin sanyi."

Ya juya wurin matarsa. "Ke kuma yaya aka yi kika san sama yake?"

"Na zo da yara lokacin da makarantarsu ta kawo su. Ta gabanka muka wuce, kana barci a mota."

"Kuma kika bar ni ina ta hannun dama?"

"Naka labarin ya fi daɗi. Sai dai na ga mutum yana bakin ƙofa har ya yi furfura, ya kamata ya leƙa."

Wayarsa ta yi ƙara. Dogo ne, yana haki: layi ya zo kansa, ga baƙi da jakunkuna za su yi nisa, ya fito da gudu.

Farfesa ya dubi ƙofa. Ya dubi matakalar da ke hawa bene, inda ya ji yara na ihun sun ga haƙoran wani abu. Ya sake ɗaga kai, wannan karon ya dafe hula.

"Dogo," ya ce, "don Allah ka ba na bayana su, ka tura tawa can ƙarshe. Kuma ka gaya wa mutanen rumfa, duk wanda ya ɗauko baƙo, ya ce masa ya dubi sama."