Kalmar da Kawu Majo Ya Hana a Faɗa

Ku da kuka san Kawu Majo a Dogarawa kun san ba fuskar mutum yake fara kallo ba, wuya yake kallo. Kana ce masa ina kwana, shi yana leƙen ƙeyarka kamar mai tayin rago. Shekara talatin ya yi yana majo, wato babban mai jinya a likitar gwamnati, asibitin garinmu, kuma har ya aje aiki halin bai bar shi ba. Ƙanen mahaifiyarmu ne, ni da yayana Sani. A lokacin da nake ba ku labari, shekara huɗu ke nan ni da Sani ko gaisuwa ba ta haɗa mu, a kan gawo guda da ke iyakar gonar babanmu. Duk duniya ba abin da ke ci wa Kawu rai kamar wannan gaba tamu.

Kalma ɗaya ce ya hana a faɗa a gabansa: muguwa. Shi a wurinsa cuta iri uku ce, akwai ta wasa, akwai mai nauyi, sai kuma waccan. Haka yake kiranta, waccan, yana waiwayen bayansa.

Wata rana wani jandarma daga Konni, ƙato, ya shigo riƙe da kai.

"Majo, muguwar cuta ta kama ni. Mutuwa zan yi."

"Sunkuya," in ji Kawu. Mutumin ya sunkuya har haɓarsa ta taɓa ƙirji. "Mura ce. Tofar da yawu ka janye kalmar nan. Ba a kiranta a banza, tana ji."

Wallahi jandarma da kakinsa da komai sai da ya tofar. Kawu ya ɗauko tsohuwar rezarsa, ya raba ƙwayar asfirin gida huɗu, ya miƙa masa ɗaya. Ai kun san maƙon Kawu.

"Majo, wannan ɗan, ga girman jikina?"

"Kanka ka ciwo, ba jikinka ba. Kai kuwa ƙarami gare ka."

Mun sha dariya. Amma abin Tanko mahauci ya yanke mana ita. Ranar kasuwar Malbaza ce, Tanko lafiyarsa ƙalau, yana saran ƙashi yana tsokanar mata. Kawu ya je sayen ƙashin miya, don shi bai taɓa sayen tsoka ba, sai ya tsaya ƙerere ya kasa tayawa. Can ya jawo ƙanen Tanko gefe ya ce, "Kai shi likita yanzu. Muguwa ce."

Tanko ya jiyo, ya kece da dariya. "Majo, in ƙashin kyauta kake so, ka fito fili."

Kwana uku muka binne shi. Sanƙarau ne, wuyan ya sandare kamar muciya. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makara. Daga ranar, ko ana zafin bazara, in mutane suka hango Kawu sai ka ga ana naɗe wuya da rawani. Na tambaye shi ko bai ji tsoron bakinsa ba.

"Ba ni na kira ta ba," ya ce. "Na iske ta zaune bayan wuyansa, tana kallona."

Na kasa cin tuwo ran nan.

To, sai aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a lakwal, wato makarantar bokon garinmu, bayan la'asar, ana koya wa manya karatu da Hausa. Na shiga, Sani ma ya shiga, don kada in fi shi. Ni kusa da ƙofa, shi can bango. Mushe, wato malamin ajin, baƙo ne, daga gabas aka turo shi, bai san Kawu ba balle dokarsa. Ran nan ya rubuta "muguwa" a allo ƙato-ƙato, ya ce ana faɗinta ga cutar da ba ta sassauci, ana faɗinta ga ƙiyayyar da ta yi tsami. Ya ce kowa ya sa ta a cikin jimla.

Kowa ya sunkuyar da kai. Ni kuwa, uban iyayi, ga Sani a gabana, sai shaiɗan ya ɗaga min hannu.

"Akwai muguwar gaba tsakanina da wani mutum a ɗakin nan."

"Da kyau, Isa," in ji Mushe. Ya ɗauki alli ya rubuta ta duka, har da aya.

Inuwa ta rufe taga. Kawu ne, yana dawowa daga masallaci. Ya karanta allon a hankali, sa'an nan ya dubi wuyana, ya dubi wuyan Sani.

"Da baki kaɗai ka faɗa, da ka tofar," ya ce. "Ga shi an rubuta. Ta ji. Sai ta ci mutum a gidanmu."

Jama'a, in ce muku ban ji tsoro ba na yi ƙarya. Bazara ce, sanƙarau ya riga ya shiga ƙauyukan Tajaye. Kowace safiya sai in sunkuya in ga ko haɓa za ta taɓa ƙirji. An gaya min Sani ma haka yake yi. Amma duk da wannan tsoro, girman kai bai bar ɗayanmu ya taka ƙofar ɗaya ba. Kawu ne ke zirga-zirga tsakanin gidajenmu a ƙasa, cikin tsakar rana, ya duba ƴaƴana, ya duba na Sani, ya roƙe ni, ya roƙe shi. Na ce masa sai dai Sani ya fara zuwa. Har yau kunyar maganar nan ba ta bar ni ba.

Rana ta uku da rubutun nan ya aiko a kira mu, mu biyu. Mun iske shi kwance a tabarma, kansa ya tanƙware baya, jikinsa kamar garwashi.

"Kawu, bari in nemo amalanken jaki a kai ka likita," na ce.

"Jakin mutane mi ya yi maka? Ga jakai biyu a gabana. Ku ɗauke ni."

Sani ya kama kafaɗu, ni na kama ƙafafu. Dole in ya taka in taka, in ya tsaya in tsaya. Muna tsakiyar hanya Kawu ya buɗe ido, ba mu yake kallo ba, bayanmu yake kallo.

"Ɗayanku ta zo ɗauka," ya ce. "Mun yi ciniki. Na ce mata tsoho ya fi arha."

Ba wanda ya waiwaya a cikinmu. An yi masa allura, an sa masa ruwa, amma bai kai azahar ta washegari ba.

A maƙabarta ƙasa ta yi tauri, diga sai tsalle take. Sani ya haƙa har zufa ta jiƙa rigarsa, sa'an nan ya ɗago, ya miƙo min digar.

"Karɓi, Isa. Hannuna ya gaji."

Rabon da in ji sunana a bakinsa shekara huɗu. Na karɓa, na shiga ramin, na yi ta haƙa ina kuka kamar yaro.

Allah Ya jiƙan Kawu Majo, Ya yalwata masa makwanci, Ya sanyaya shi. Allah Ya yafe min wahalar da na ba shi a kwanakinsa na ƙarshe. Amin.