Wyntje Oosterhout da Gida na Arba'in da Biyu

Ranar Talata, goma ga watan Oktoba na shekarar 1769, da hantsi, Allah ya karɓi ran Wyntje Oosterhout a gidan gonarta da ke bakin rafin Esopus, tana da shekara saba'in da shida. Ni Wessel Ploeg, tsohon malamin makarantar ƙauyen nan kuma mai gayyatar jana'iza, ni na kai labarin gida-gida. Yau kwana tara ke nan, sai yanzu hannuna ya yarda ya riƙe alƙalami.

Wyntje, kakanki ya zo daga Holan da garma ɗaya da saniya biyu. Ke ba ki taɓa ganin ƙasar ba, amma kina zancenta kamar ƙauyen da ke bayan tudu. Kin auri Gysbert kina da shekara ashirin, kika ci gaba da amsa sunan gidan ubanki, kamar yadda matanmu suka saba. A shekarar da agana ta shigo mana, ta ɗauke shi tare da 'ya'yanku biyu cikin wata guda. Aka bar ki da Teunis mai shekara goma da Neeltje a goye. Maza uku suka zo taya gonar tun ƙasar kabarin ba ta kwanta ba. Kika ba su abin sha, kika raka su ƙofa, da gari ya waye kika ɗaura wa dawakai garma da kanki. Alkamarki da man shanunki sun yi shekara talatin suna gangarawa kogi zuwa New York, ba a taɓa maido miki da ko tulu ɗaya ba.

Da matata Metje ta rasu, ban roƙi kowa komai ba. Lahadi ta farko kika tare ni a ƙofar coci kika ce miyar wake ta yi miki yawa. Haka ta dinga yi miki yawa har shekara goma sha tara. In na ƙwanƙwasa, sai in ji muryarki daga murhu:

"Malam, da wace hula ka zo?"

"Da ta cin abinci."

"To shigo. Baƙar nan ta gayyatar jana'iza ka bar ta a gida tukuna, ban gama tsinke tuffa ba."

A duk faɗin ƙauyen nan ke kaɗai ce kike yi mini wasa da aikina. Sauran, in sun hango ni, sai su fara ƙirga tsofaffinsu.

Ba zan yi miki ƙarya a takarda ba, kina da taurin kai. Lokacin da cocinmu ya rabu biyu kan wa'azi, wasu suka ce a koma Turanci, wasu suka ce sai yaren kakanni, mijin Neeltje ya bi na Turanci, ita kuma ta bi mijinta. Kika ce wadda ta ji kunyar addu'ar da kika koya mata ba ta da abin nema a gidanki. Shekara goma sha ɗaya ba ki ambaci sunanta ba. Sai dai duk ranar da aiki ya kai ni hayin rafi, kina zuba mini miya za ki tambaya, ba tare da kin dube ni ba, ko har yanzu rufin gidan nan na kusa da gada yana yoyo. Gidan Neeltje ke nan.

A wurinmu ba mai taka gidan mutuwa sai an aika masa, ko da shi mamacin ya haifa. Iyali ke rubuta sunaye, nawa kawai in sa baƙar hula mai dogayen ƙyallaye in bi ƙofa-ƙofa. Shekara hamsin da ɗaya ban ƙara suna ba, ban rage ba. Da Teunis ya miƙo mini takardarki na ƙirga gida arba'in da ɗaya. Na sake karantawa a bakin taga.

Na ce, "Teunis, ƙanwarka fa?"

Ya ce, "Malam, abin da ke rubuce shi za ka kai. Ita sai ta sa a gaya mata da Turanci."

Matanmu ba sa bin gawa makabarta. In Neeltje ba ta shiga ɗakin ba kafin a buga murfin akwati da azahar ɗin Juma'a, ita da fuskarki sai a lahira.

Kwana biyu na yi ina zagaya gidajen, abin da a da nake gamawa a yini ɗaya. Da safiyar Juma'a na zauna a bakin gado ina kallon takalmana. Ba ki taɓa ce mini in kira Neeltje ba. Tambayar rufi kawai nake da ita, kuma tambayar rufi ba wasiyya ba ce. Duk da haka na tashi. Mil huɗu ne zuwa gada, na huta sau shida a hanya.

Na iske Neeltje tana shanyar tuffa a tsakar gida. Furfura ta fito mata daidai inda taki ta fara. Da ta ga hular, sai ta ajiye kwandon a hankali.

"Inna ce, ko Yaya?"

"Inna ce."

Ta daɗe tana goge hannunta da gefen riga. Sannan ta ce, "Wa ya aiko ka, Malam?"

"Ba wanda ya aiko ni."

"To ai ba gayyata ba ce."

Na cire hular, na karanta mata kalmomin gayyata daga farko har ƙarshe, da yarenmu, yadda na karanta wa sauran. Ta amsa da yaren, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Mijinta ya ɗaura keken doki, ya ɗora ni a baya kamar buhun alkama.

Mun iso kafinta yana tsaye da gudumarsa. Teunis ya cika ƙofar ɗakin da jikinsa.

Ya ce, "Ba ta cikin takarda."

Na ce, "Ba ta ciki. Ni na kira ta, da ni za ka yi."

Teunis bai dubi Neeltje ba, ita ma ba ta roƙe shi ba. Can sai ya ce wa kafinta ya je ya sha taba tukuna, ya matsa gefe kaɗan, iyakar yadda mutum ɗaya zai wuce. Neeltje ta shiga. Ta gyara miki ɗaurin kai, domin an karkata shi, ta zauna kusa da ke har aka zo ɗauka.

Ba su yi magana da juna ba a ranar, ban kuma ji sun yi ba har yau. Dattawan coci sun aiko a karɓi hular ranar Litinin. Na bayar ban yi musu ba, domin gaskiyarsu ce, kuma ƙafafuna sun riga su yanke hukuncin.

Wyntje, ban sani ba ko abin da kike so na yi. In na yi miki shisshigi, ki ajiye faɗan, ba zan daɗe ban zo na ji shi ba.

Ubangiji ya jiƙanki, ya yafe miki taurin kanki saboda yawan bakunan da kika ciyar, ya ba ki hutun da ba ki samu a gonar nan ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Teunis da Neeltje, 'ya'yanki biyu, da jikokinki na wannan gaɓar rafi da na waccan. Allah ya ba su haƙuri, ya sa su gaji da fushi tun da sauran lokaci. Amin.