Digirin Harkar Kuɗi da Na Ɓoye wa Mahaifina

Edita, bayan sallama, ina roƙon a ba ni fili in sauke wani abu da na daɗe ina ɗauke da shi. A farkon shekarun tamanin ni saurayi ne ɗan Anka, ina aiki a sashen kuɗi na wani ofishin gwamnati a Gummi. Ina da digiri na farko, ina da babur sabo, kuma ina da girman kai daidai gwargwado, don a lokacin masu digiri a yankinmu ba su da yawa. Mahaifina malami ne na zaure, yana noman gero, yana da 'yan shanu a hannun wani amininsa Bafillace. Bai hana ni boko ba, amma har ya bar duniya bai taɓa taka ƙofar banki ba. Abin da ya fi ƙi a rayuwarsa shi ne kuɗin ruwa.

Burina a lokacin ɗaya ne, in yi digiri na biyu a harkar kuɗi. Na sayi fom na wata jami'a da ba zan ambata ba, na je Gusau aka ɗauke ni hoto, na bi shugabannina biyu har suka rubuto mini takardun shaida. Don kada in tashi a banza, sai na cika fom na biyu a jami'ar, na neman karatun sha'anin mulki, wanda ko kaɗan ba ya raina. Duk wannan ban gaya wa kowa a gida ba, har Inna. Mu dai haka aka tashe mu, abu in bai nuna ba ba a buɗe shi, saboda bakin mutane. Mutum ɗaya na gaya wa, kuma shi ne kuskurena na farko. Ɗan goggona ne, taubashina, malamin firamare a Bukkuyum. Ya fi ni iya tsara Turanci, shi ya sa na biya ta wurinsa ya gyara mini bayanin da ake rubutawa na dalilin son karatun. A nan ya karanta jerin darussan, ya ga akwai lissafin ruwan bashi da sha'anin banki, ya yi dariya ya ce Kawu zai ji daɗi. Na ɗauka wasa ne.

Takardu biyu suka zo mini ta gidan waya a mako guda, an ɗauke ni a duka biyun, an ba ni wa'adi in zaɓi ɗaya. Ina cikin shirya yadda zan tunkari tsoho a hankali, sai aka yi suna a gidanmu a Anka. Da safe zaure ya cika da dattawa, ana raba goro, sai wannan bawan Allah ya buɗe baki a gaban kowa, yana dariya, ya ce a taya Kawu murna, ɗansa zai tafi jami'a ya koyo yadda ake cin kuɗin ruwa da ƙa'ida, nan gaba ma a zauren nan za a buɗe reshen banki. Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Mai karatu ya san al'adarmu, taubashi yana da izinin faɗin duk abin da ya ga dama, kuma wanda ya yi fushi shi ne marar tarbiyya. Na zauna ina murmushin dole. Na rantse har yau ban yarda wasa yake yi ba. Hassada ce ya lulluɓe da wasan taubasantaka, don shi ya nemi jami'a sau biyu bai samu ba, kuma ya san sarai inda zai soka ya yi zafi.

Mahaifina ya jira sai bayan azahar. Ya kira ni, bai ɗaga murya ba, ya tambaye ni ko gaskiya ne akwai kuɗin ruwa a cikin karatun. Na fara kame-kame, ina cewa ilimi ne mai faɗi, ya katse ni ya ce e ko a'a yake son ji. Na ce akwai. Ya tuna mini cewa ba mai ci kaɗai ke da laifi ba, har mai rubutawa, sannan ya ce abin da ya fi yi masa ciwo shi ne ya ji maganar ɗansa a bakin wani, a gaban baƙi. Ya ce ba zai ɗaure ni ba, amma in na tafi wannan karatu to ba da yawunsa ba, kuma kada in kawo masa ko ƙwayar hatsi da aka saya da abin da zan samu. Inna ta same ni a tsakar gida tana kuka, tana roƙona in rufa mata asiri.

Da na koma Gummi na yi kwanaki ina juya takardun nan biyu. A ƙarshe na yi abin da nake kunyar rubutawa. Na dawo Anka da takardar sha'anin mulki, na durƙusa na ce na haƙura, wannan na zaɓa. Tsoho ya dafa kaina ya yi ta sa mini albarka. Washegari na aika wa jami'a amsa cewa harkar kuɗi na zaɓa. Na ce wa kaina ai ba ya karanta boko, wa zai gaya masa. Taubashin nan kuwa na yanke shi, ko na bi ta hanyar Bukkuyum ba na tsayawa, in mun haɗu a sha'ani in miƙa masa hannu ina kallon wani wuri.

Na yi karatun, kuma na ci da kyau. Duk hutu in na zo, tsoho zai tambaye ni yadda karatun mulki yake, ni kuma in ƙirƙiro masa labari. Da na gama, ya ce sai an taru an yi addu'a. Aka dama fura, aka yanka rago, zaure ya sake cika. Bayan an shafa, sai ya ce in kawo takardar ya gani. Ya riƙe ta da hannu biyu yana dubawa, sannan ya ɗaga kai ya kira ɗan ƙanwarsa, malamin makaranta, ya zo ya karanta wa jama'a ya fassara. Ban taɓa tunanin haka ba. Na zauna ina jira asirina ya tonu. Mutumin nan ya karɓa, ya karanta a zuci, ya ɗago ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sannan ya gyara murya ya ce takarda ta shaida cewa wane ɗan wane ya kammala digiri na biyu a sha'anin mulki, da sakamako mai kyau. Zaure ya ɗauki kabbara.

Kada wani ya ce ya yi mini alheri. Da na same shi a wajen da aka ajiye babura, ya ce mini kada ma in gode, ba don ni ya yi ba, Kawunsa ya duba, ba zai zama sanadin ajalin tsoho ba. Shi da ya kunna wutar tun farko, yau shi ne mai tausayi. Daga ranar ya raɗa mini suna Mai Mulki. Ko'ina muka haɗu, a biki ko a ta'aziyya, zai ɗaga murya ya gaishe da Mai Mulki yana dariya, mutane su taya shi ba su san komai ba, ni kuma dole in amsa. Shekaru sun wuce haka. Na tsane shi a ranar suna, amma na fi tsanarsa bayan ya rufa mini asiri, don duk duniya shi kaɗai ya san ko ni wane ne, kuma yana jin daɗin sanin.

Daminar da ta biyo bayan ranar addu'ar nan mahaifina ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Ina zaune kusa da shi, ƙannena na gefe, ya riƙe hannuna ya ce musu su yi koyi da ni, don ni ne na bar abin da raina ke so saboda shi, kuma ya yafe mini duniya da lahira. Na so in faɗa masa gaskiya, na fasa. Na ce bari ya ji sauƙi tukuna. Kwana uku bayan nan muka kai shi makwancinsa.

Na samu aiki, na samu girma, na gina wa Inna ɗaki, amma ban taɓa jin wannan albarka tawa ce ba, don an sa ta ne a kan wani ɗa da babu shi. Daga baya na gane cewa da na je wurin tsoho da bakina tun kafin in cika fom, na ɗauki wani malami da yake jin nauyinsa muka zauna muka yi masa bayani, wataƙila ya yarda, wataƙila ya ƙi, amma ko wanne ne da na san inda na tsaya. Ga matasa masu neman ƙarin karatu, ku fara gaya wa iyayenku kafin kowa, kuma ku yi hattara da ɗan'uwan da al'ada ta ba shi izinin yi muku wasa, don ba duk mai dariya ke wasa ba. In an hana ku, ku yi ta roƙo a fili, ko ku haƙura da gaske. Ni taubashina ban yafe masa ba, ba zan yi muku ƙarya ba, amma ƙaryar ba shi ya fara ta ba. Na je kabarin mahaifina na faɗi gaskiya ba sau ɗaya ba. Lokacin da yake iya ba ni amsa ne ban faɗa ba.